Ba tafiyarsa ce ta karya Dido ba, ƙanwata

Ƙanwata, kin tambaya wai me zai sa Dido, sarauniya guda da hankalinta, ta hallaka kanta don masoyinta Iniyas ya tafi, kuma kika ce ke ma naki ya yi ɓatan dabo sati uku ba ko sallama. Tun jiya nake so in amsa miki, in na fara rubutu sai hawaye.

Ki koma kashi na 4 na Iniyad, waƙar da Birjil, mawaƙin Rumawa na dā, ya ba da labarinsu a ciki. Matar nan fa ta riga ta sha wuya, ɗan uwanta ya kashe mata miji saboda dukiya, ta gudo ta kafa Kartaj a inda Tunisiya take yanzu, ta rantse ita da namiji har abada, sarki Yarbas ma ya nema ta ƙi. Sai ga baƙo, Iniyas ɗin, teku ta watso shi, ta ba shi masauki da shi da mutanensa, har ginin gari ya tsaya cak saboda shi. Da allolinsu suka ce ya wuce Italiya sai ya sa a shirya jirage a ɓoye, a bakin duniya ta ji! Da ta tare shi kuma ya ce ai shi bai taɓa aurenta ba. Wannan cin amanar ce ta gama da ita.

Ni shekarata 4 da rasuwar baban yarana ban kula kowa ba, sai wannan bawan Allah ya zo da bakinsa mai zaƙi, har gaban kawuna ya je, na sayar da keken ɗinkina da 'yan kunnen gwal na ba shi jari wai kafin a sa rana. Ranar wata Asabar ina tsugune ina wanke-wanke maƙwabciyata ta miƙo min waya ta ce wannan ba mutuminki ba ne, katin ɗaurin aurensa ne da wata, saura kwana 6, kuma a daren da ya gabaci ranar fa mun yi hira har yana tambayata kalar fentin ɗaki. Wallahi a wurin na zauna cikin ruwan kumfa har aka kira la'asar, ƙaramar 'yata tana ta jan zanina. Da na same shi cewa ya yi "ni na ce zan aure ki?" Har yau in na ji ƙamshin sabulun nan zuciyata tashi take.

Don Allah kar ki zauna ke kaɗai a ɗaki, ki gaya wa Mama ko wata babba yau ɗin nan. Dido ɓoye wa 'yar uwarta Ana ta yi, har Ana da hannunta ta haɗa mata tarin itacen da Dido ta hau ta kashe kanta a kai, ba ta san me ake shiryawa ba. In akwai kuɗinki a hannunsa ki adana saƙonnin, ni na goge nawa cikin fushi na yi asara.

Masu ce miki ki yi haƙuri irin na Finilofi, matar Odisiyas a tsohon labarin Girkawa, kuma, ita mijinta ne na aure ta jira shekara 20, kuma da ya dawo sai da ta gwada shi da maganar gadon kwanansu kafin ta yarda.

Bara na gamu da shi a kasuwa yana ta sunkuyar da kai wai in yafe masa, na tuna kashi na 6 inda Iniyas ya gamu da Dido a duniyar matattu ta kau da kai ba ta ce masa uffan ba, na biya kuɗin tumatir ɗina na wuce, sai a adaidaita na yi kukana. Ki turo min saƙo ni kaɗai, kin ma ci abinci yau?