Bot ɗina yana ta cinye min jari, ko ya lalace ne?

Tambaya: Malam, ina da bot, wato manhaja mai sarrafa kanta, a dandalin cinikin kuɗaɗe na MetaTrader 5, da ke cinikin yuro da dala da kansa. Idan layukan matsakaicin farashi biyu suka gitta juna sai ya shiga. Wata biyu yana kawo riba, amma yau mako uku ke nan, ya shiga ya fito da asara, ya sake shiga. Ko ya lalace ne?

Amsa: Ɗan'uwa, Allah ya mayar da alheri. Bot ɗinka lafiyarsa lau, kasuwa ce ta daina tafiya. An gina shi ne don ya bi farashi idan ya miƙe hanya, yanzu kuwa farashin kamar akuya a turke yake, ya je iyakar igiya ya dawo. Layukan nan sai su riƙa gitta juna, bot ya saya a sama, ya sayar a ƙasa, dillali kuma na karɓar la'adarsa a kowane shiga. Abin da bot ɗin ya rasa shi ne sanin lokacin zama.

Fara da ma'aunin ADX, wanda Welles Wilder ya fito da shi a 1978, yana kuma cikin manhajar da kake amfani da ita. Ba ruwansa da hawa ko sauka, ƙarfin tafiyar kawai yake aunawa, yawanci a kan kyandir 14 (kyandir shi ne zanen da ke nuna motsin farashi na wani ƙayyadadden lokaci a jadawali). Ƙasa da 20, kasuwa na kai-komo. Sama da 25, ta kama hanya. Kada ka sa iyaka ɗaya. Ka umarci bot ya daina buɗe sabon ciniki idan ADX ya faɗi ƙasa da 20, kada ya dawo sai ya haura 25. Da iyaka ɗaya, kunnawa da kashewa zai ta yi a bakin layi, asarar ba ta sauya ba.

Amma ADX na da jinkiri, sai an yi nisa yake ba da labari. Shi ya sa na fi son a haɗa shi da lissafin Perry Kaufman, wanda ko da biro za ka iya. Ɗauki kyandir 10. Auna tazarar da ke tsakanin inda farashi ya fara da inda ya ƙare, ka raba da jimillar duk motsin da ya yi a hanya. A ce ya yi zirga-zirgar maki 100, amma maki 15 kacal ya matsa daga inda ya tashi: 0.15 ke nan, yawo ne kawai. In ya matsa 70, tafiya ce ta gaske.

Duba agogo ma. Yuro da dala sukan lafa cikin dare, sai kasuwar Landan ta buɗe, ƙarfe 8 ko 9 na safe agogon Najeriya gwargwadon lokacin shekara.

Abin da nake roƙonka, kada ka yarda wani ya sa maka tsarin ninka kuɗin shiga bayan kowace asara. A kasuwar da ta tsaya yakan yi daɗi, ranar da farashi ya tsinke igiya kuwa sai ya kwashe asusun gaba ɗaya.

Wannan tacewar ta ADX da lissafin Kaufman tana da nata tsadar, domin za ka riƙa rasa farkon kowace babbar tafiya. Saboda haka ka gwada ta a Strategy Tester, sashen gwajin bot na MetaTrader 5, kan tsohon farashin shekara biyu ko uku, da ita da kuma babu ita, ka kwatanta mafi zurfin faɗuwar jari. Daga nan sai wata guda a asusun gwaji. Kafin ka kammala, danna maɓallin Algo Trading da ke cikin manhajar ka kashe bot ɗin tun yau.