Hajiya, kada ta ajiye takardar nan

Hajiya, salamu alaikum. Kin tambaya ko tallafin karatu zai yi wa 'yarki wani amfani tunda ta samu gurbin koyon aikin jinya, ko gara ta zauna ta taya ki kasuwa sai kuɗi sun taru. Ni 'yar Aboabo ce, a nan Kumasi na yi karatun jinya na shekara uku, kuma da tallafi na gama.

Kuɗin makaranta kowa ya san da su. Abin da ba a faɗa wa iyaye shi ne lokacin da ake tura ɗalibai asibiti koyon aiki. Kullum kuɗin trotro, wato motar haya, ga yunifom, ga takalmi, ga agogon da ake maƙalawa a ƙirji, ga kwafin takardu. Mahaifiyata koko da ƙosai take sayarwa. Shekarata ta farko, sai na taya ta suya kafin asuba sannan in wuce asibiti, hannuna na ƙamshin mai, ina auna jinin mara lafiya ina gyangyaɗi. Da tallafin ya ɗauke kuɗin makaranta, ɗan abin da take samu ya koma kan mota da abinci, ni kuma na samu barci da lokacin karatu. Da haka na ci jarrabawar lasisi a zama ɗaya, alhamdu lillahi.

Alawus ɗin ɗaliban jinya da gwamnati ta dawo da shi a 2017, sidi 400 ne a wata lokacinmu. Yana rage zafi, amma kada a gina gida a kansa. 'Yarki ta nemi tallafi a hukumar gwamnati mai ba da tallafin karatu, wadda aka sani da Scholarships Secretariat, ta leƙa ofishin ɗan majalisarku da asusun raya Zango. In digiri za ta yi a KNUST, jami'ar kimiyya da fasaha ta nan Kumasi, akwai na Mastercard Foundation, shi har wurin kwana yake ɗauka. Ta haɗa sakamakon WASSCE, wato jarrabawar gama sakandare, da takardar shiga makaranta da Ghana Card, katin shaidar ɗan ƙasa, tun yanzu. Duk wanda ya ce a ba shi wani abu zai shigar da sunanta, ku rabu da shi.

In kuma zuciyarta ta karkata ga ɓangaren ba da shawara da lafiyar ƙwaƙwalwa, wallahi ki ƙarfafa ta. Manyan asibitocin ƙwaƙwalwa uku ne a ƙasar nan, Accra da Pantang da Ankaful, duk a kudu. Mu kuwa a Zango mace ta haihu ta daina magana, ta ƙi abinci, sai a ce iska ce. Na taɓa samun wata mai jego, ba Turanci ba Twi, kwana biyu ba ta ce wa kowa uffan ba. Na zauna bakin gadonta na ce, "Sannu, yaya jikin?" Sai ta riƙe hannuna ta fashe da kuka.

Ki turo ta gidanmu ranar Asabar bayan la'asar, mu cike takardun tare.