Kundin Gene Clark da ya yi kwantai

Ɗan'uwa, ka tambaya ko an taɓa tara manyan makaɗa a kundin wani mawaƙin rock amma ya ƙi sayuwa. An sha yi. Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne No Other na Gene Clark, tsohon mawaƙin ƙungiyar The Byrds, wanda kamfanin Asylum ya fitar a Amurka a 1974.

Duba waɗanda aka ɗauko. Leland Sklar ne a kan bes (jita mai kaurin sauti), Russ Kunkel a kan ganguna, mutanen da ke yi wa mawaƙi James Taylor kiɗa a lokacin. Ga Jesse Ed Davis da jita, wanda ya hau dandali tare da George Harrison na ƙungiyar The Beatles a 1971. Chris Hillman, abokin Clark tun The Byrds, ya kaɗa mandolin (wani ƙaramin kayan kiɗa mai tsirkiya), Timothy B. Schmit kuma yana cikin 'yan amshi, tun kafin ya shiga ƙungiyar Eagles.

To, kuɗi sun ci, sama da dala 100,000, ga waƙoƙi takwas kacal, dogaye, babu wadda gidan rediyo zai yi rububi a kai. Ran David Geffen, shugaban kamfanin Asylum a lokacin, ya ɓaci, aka ƙi yi wa kundin talla. Lamba ta 144 ya tsaya a jadawalin cinikin kundaye na mujallar Billboard.

Ni dai ban ga laifin kiɗan ba. Saka waƙar da ta ci sunan kundin da dare, ka ji yadda bes ɗin ke gurnani. Clark ya rasu a 1991, a 2019 kuma kamfanin 4AD ya sake fitar da kundin, masu sharhi suka yi ta yabo.