Kyanwata tana tangaɗi kamar mai jiri

Tambaya: Likita, tun shekaranjiya kyanwata ta karkata kai gefe guda. In ta tashi sai ta yi tangaɗi ta faɗi, idanunta suna ta rawa. Maƙwabta sun ce guba ta ci. Haka ne? Daga wata uwargida a Zariya.

Amsa: Hajiya, ni dai na fi zargin kunne. Can cikinsa ne abin da ke daidaita tsayuwar dabba yake, in ya kumbura sai duniya ta riƙa juya mata. Sansana kunnen. In yana wari ko yana fitar da ruwa, mai yiwuwa ƙwayar cuta ce, likitan dabbobi zai ba ta magani na makonni. Wani lokacin ba a gano dalili, ta fara samun sauƙi cikin kwana 3, ta warware a mako 2 zuwa 3, ko da kan bai miƙe sarai ba.

Ki ajiye ta a ƙasa, nesa da rijiya da katanga, ruwa da abinci a gabanta. Kada ki ɗiga mata komai a kunne. Paracetamol kuwa kashe kyanwa yake yi. In tana dalalar da miyau ko cizo, kada a taɓa ta, don yana iya zama ciwon haukan kare ne, a kira likitan dabbobi yau.