Dokar da na'urorin binciken ƙwaƙwalwa ke buƙata

Wa alaikumus salam, malam. Ka tambaya ko gaskiya ne an ƙera na'urar da ke karanta tunanin mutum, in kuwa haka ne, me ya hana gwamnatoci haramta ta. Na daɗe ina aiki a sashen gwajin ƙwaƙwalwa na wani asibiti, don haka zan amsa da abin da na gani da idona da kuma abin da nake bibiya na dokokin ƙasashe.

Na'urorin da ake da su ba sa jin abin da ke ran mutum. EEG tana auna motsin lantarki ne ta wayoyin da ake mannawa a fatar kai, nau'in MRI (na'urar ɗaukar hoton cikin jiki) mai nuna aikin ƙwaƙwalwa kuwa sawun jini yake bi. A shekarar 2023 masu bincike a Jami'ar Texas da ke Austin sun iya fito da ma'anar labarin da mutum ke saurare, amma sai da kowane ɗaya ya kwanta cikin na'urar kimanin awa 16 ana horar da manhajar a kansa, kuma da zarar ya karkatar da hankalinsa ga wani abu dabam, sai aikin ya lalace.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne yadda mutane ke sallama wa takardar sakamako, domin na sha ganin dangi sun ƙi sauraron bayanin likita saboda a ganinsu hoto ya riga ya gama magana. Alƙali ma ɗan Adam ne. A 2008 wata kotu a birnin Pune na Indiya ta yanke wa wata mata ɗaurin rai da rai kan zargin kisa, kuma cikin hujjojin da ta dogara da su har da gwajin lantarkin ƙwaƙwalwa da aka ce ya nuna tana da masaniyar laifin. Sai a 2010 Kotun Ƙolin ƙasar ta hana tilasta wa wanda ake tuhuma irin wannan gwaji, saboda daidai yake da sa shi ya ba da shaida a kan kansa. Faransa ta fi burge ni: dokarta ta 2011 ta taƙaita hoton ƙwaƙwalwa ga magani, binciken kimiyya da binciken da kotu ta umarta, sannan a 2021 ta cire hoton aikin ƙwaƙwalwa daga abin da kotu za ta nema.

Sai batun wanda ke riƙe da bayanan. Duk wanda ya san yadda ake kallon mai farfaɗiya a wajenmu ya san takardar EEG guda ɗaya na iya fasa aure ko ta raba mutum da aikinsa, kuma an taɓa zuwa har ofishina ana neman sakamakon wata yarinya da sunan wai “'yan'uwa ne”, alhali dangin mai nemanta ne. A asibiti amanar majinyaci ta ɗaure mu. To, wa ya ɗaure kamfanin da ke sayar da na'urar ɗaurawa a kai, yana kwashe bayanan ta intanet? Wannan giɓi ne Chile ta toshe a 2021 da ta sanya kare aikin ƙwaƙwalwa da bayanansa cikin kundin tsarin mulki, har Kotun Ƙolinta ta umarci kamfanin Emotiv, mai sayar da irin wannan na'ura, a 2023 da ya goge bayanan tsohon sanata Guido Girardi. Jihohin Colorado da California a Amurka sun yi nasu dokokin a 2024.

Haramta na'urar kanta, kamar yadda ka ba da shawara, masu shanyewar ɓarin jiki da masu ƙari a ƙwaƙwalwa zai fara cutarwa, alhali ko a yanzu majinyata da yawa sai sun yi doguwar tafiya kafin su sami MRI mai aiki. Dokar kare bayanai ta Nijeriya ta 2023 ta lissafa lafiyar mutum cikin bayanan da ke buƙatar kariya ta musamman, sai dai ba ta ambaci na ƙwaƙwalwa da suna ba. Ta kuma bai wa hukumar da ta kafa ikon ƙara wasu rukunan, don haka nan ne nake ganin ya kamata a fara matsa lamba, tun kafin na'urorin su cika kasuwa.