Amsa: Bafaranshen da ya tona asirin mulkin mallaka da kyamara

Ɗan'uwa, ka tambaya ko an taɓa samun Bafaranshe mai shirya fim da ya fito fili ya soki mulkin mallaka tun yana ganiyarsa. An samu. Nemi tarihin René Vautier.

A 1928 aka haife shi a yankin Bretagne, kuma yana ɗan shekara 15 ya shiga sahun masu yaƙar mamayar da Jamus ta yi wa Faransa. A 1949 wata ƙungiyar ilimi ta tura shi Afirka ta Yamma ya ɗauko rayuwar ƙauye don a nuna wa 'yan makarantar Faransa. Da ya je, sai ya tarar da aikin tilas, da karɓar haraji da bakin bindiga, da ƙauyukan da aka ƙona. Su ya ɗauka. A lokacin akwai dokar Laval ta 1934, wadda ta hana ɗaukar fim a yankunan mallakar Faransa, har da Nijar, sai da izinin gwamna. Ya yi biris da ita. Aka ƙwace yawancin faifansa, ya haɗa Afrique 50 da ɗan abin da ya tsira, fim ɗin da bai kai minti 20 ba. Sakamakonsa ɗaurin shekara guda, fim ɗin kuma aka haramta shi fiye da shekara 40.

Bai daddara ba. Ya bi mayaƙan neman 'yancin Aljeriya cikin daji da kyamararsa, abin takaici su ma suka tsare shi wajen shekara 2 a Tunisiya. A 1973 ya yi yajin cin abinci na kwana 31 don nuna adawa da tace finafinai saboda siyasa. Ya rasu a 2015.

Fara da Afrique 50, ka kasa kunne ga muryarsa. Fushin da ke cikinta ba na wasa ba ne.