Wane zamanin Archie ya fi daɗin karatu?

Mai tambayar zamanin da ya fi a mujallar barkwanci ta Archie, fara da na 1960 zuwa 1970. Lokacin Harry Lucey yake zanawa, kuma a wurinsa jiki ke magana: dubi yadda Archie ke sandarewa idan Mista Lodge, mahaifin budurwarsa Veronica, ya ritsa shi, ko ba rubutu sai ka dara. Samm Schwartz ma ya iya zana Jughead, abokin Archie, ƙwarai.

Na Bob Montana, wanda ya fara zana Archie, daga 1941, zanensa bai gama nuna ba. Na 2015, na marubuci Mark Waid da mai zane Fiona Staples, labarin yana da zurfi amma raha ta ragu.

Guji ƙananan bugun aljihu, ana matse zanen har fuskoki su dagule.